Kwamfutar da Ba Ta da Allo

"To sau nawa ka danna?"

"Sau nawa nake dannawa kullum? Huɗu. Shekara biyar ina danna huɗu, yau ne za ka koya mini ƙirga?"

"Ba haka nake nufi ba, Yaya. Cewa na yi ko yatsa ya zame."

"Yatsana lafiyarsa lau. Abinku ne ya zame."

Direba yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin yayansa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ƙarfe bakwai da rabi na safe. Jakarsa ta tafiya tana falo a zuge tun jiya, babbar motarsa tana can gareji an gama yi mata lodin buhunan taki, kuma ƙarfe sha ɗaya za su tashi, motoci uku a jere. Kwana tara zai yi bai ga gida ba.

"Sake yi in gani," in ji shi.

Yaya ya gyara zama. Dattijo ne dogo mai furfura, idanunsa a buɗe suke, amma shekara shida ke nan ba su ga komai ba. Ya shafa madannan kwamfutar har yatsansa ya samu maɓallin da aka liƙa wa ɗan guntun ƙyalle. Ya danna shi. Ya gangara kan kibiyar ƙasa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya danna babban maɓalli. A nan ne kullum folda take buɗewa, ya zaɓi karatun ranar, muryar ƙanensa ta cika ɗakin. Yau sai lasifikar ta yi wata 'yar ƙara, ƙil, ta yi shiru.

"Ka ji ta ko? Tun da na idar da sallar asuba haka take yi mini. Kamar mai tsaki."

Direba ya duba agogon hannunsa, ya duba takalmin da ke hannunsa kamar bai san yadda aka yi ya zo nan ba, ya jefar da shi gefe.

Wanda bai san gidan ba zai yi mamakin abin da ya haɗa direban babbar mota da karatu. Yaya ne ya haɗa su. Shekara talatin ya yi yana duba kurakurai a wata maɗaba'a, da jan biro a bayan kunne, kuma da takardun gwajin da ake zubarwa ya koya wa ƙanensa karatu. Makaranta dai ba ta riƙe yaron ba. Tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta zama, malami yana magana shi yana leƙen motocin da ke wucewa ta taga, har ranar da ya bi ɗaya bai dawo aji ba. Yanzu shekararsa ashirin da shida a kan sitiyari. Ya haura hamsin, gemunsa ya fara fari, 'ya'yansa duk sun tafi makarantun nesa, amma har gobe da Ƙarami Yaya yake kiransa.

Da idanun Yaya suka daina gani, matarsa kuma ta rasu, Direba ya je ya kwaso shi da kwalayen littattafansa ya ba shi ɗakin baya. An saya masa rediyo, ya ce suna magana da kowa ne, ba da shi ba. An ba shi waya mai shafawa, ya ce gilashi ne sumul, ba inda yatsa zai kama. Abin da yake so littattafansa ne. Sai Direba ya riƙa zama kusa da shi yana karanta masa, yana bin layi da yatsa yana tuntuɓe, Yaya yana ƙwanƙwasa tebur duk inda ya yi kuskure. Amma direba ba mazauni ba ne. Kwana biyu a gida, kwana bakwai a hanya.

Ƙanwarsu, autar gidansu, ita ce ta samo dabara. Ita a ofishin kwamfuta na wani kamfani take aiki. Ta sa tsohuwar kwamfutar gidan a ɗakin Yaya, ta samo wata mai ɗan ƙarfi ta sa a ɗakin Direba, ta ja waya ta bin bango ta haɗa su da rauta, wannan ɗan akwatin mai ƙyafta fitilu a saman firji. Direba yana karatu a ɗakinsa, ya ajiye muryar a wata folda, nan take Yaya ya same ta a nasa ɗakin. Ba sai an shigo masa ba, ba sai ya kira kowa ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi masa daɗi. Maman yara, matar Direba, malamar makaranta ce, da sassafe take fita sai la'asar, kuma ko tana gida, Yaya ba zai iya buɗe baki ya ce matar ƙanensa ta zo ta kunna masa abu ba. Ya gwammace ya wuni a zaune.

Shi ya sa duk tafiyar da ta taso, Direba yakan yi guzuri biyu, nasa da na Yaya. Yakan rufe ƙofa, ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, ya toshe ƙasan ƙofar da tawul, ya zauna yana zufa yana karatu. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, shi ne yake zaman awa guda wuri ɗaya. A wannan karon guda sha takwas ya yi, biyu kowace rana, daga littafin wani mutum da ya shekara biyu yana bin wani kogi don ya ga inda ya faro.

Sau ɗaya abin ya taɓa tsayawa Direba yana hanya. Wani abu ne ya ƙone a cikin tsohuwar kwamfutar. Kwana huɗu kacal. Da ya dawo ya tarar da Yaya kwance ya juya wa ƙofa baya, bai yi aski ba, kwanukan abinci ana kawowa ana ɗaukewa kusan yadda suke. Bai yi ƙorafi ba, bai ma ambaci maganar ba. Wannan bayan da ya gani shi ne yake gani yanzu, kuma wannan karon kwana tara ne.

Ya kira Auta. Sai a kira na uku ta ɗauka.

"Yaya Ƙarami, me ka taɓa?"

"Ko gaisuwa babu? Ban taɓa komai ba."

"Ina kwana. Duk wanda ya kira ni da safe bai taɓa komai ba. Me ka taɓa?"

"Sabis kawai na yi mata."

"Sabis? Kwamfutar ka yi wa sabis?"

Ya yi mata bayani. Mako uku ke nan ta ɗakinsa tana damunsa da saƙo wai tana son ta sabunta kanta, shi kuma kullum yana ce mata sai an jima. Jiya da yamma, da ya gama karatu na sha takwas, sai ya yi tunani irin na mai mota: wa ke shiga doguwar hanya bai canja baƙin mai ba? Kwana tara za ta yi tana aiki ba ya nan, gara a yi mata abin da take nema tun yana gida. Ya danna mata ta yi. Ta yi awa guda tana juyi, ta mutu ta tashi sau uku, ta dawo da sabon hoto mai kyau. Har daɗi ya ji.

Auta ta yi dariya har da tari. "Wayyo Allah, Yaya Ƙarami. Mota ake wa sabis kafin tafiya. Kwamfuta in za ka yi tafiya ko ƙura ba a share mata."

"To yanzu an riga an yi. Ƙarfe sha ɗaya zan tashi."

"Ni kuma ƙarfe goma zan shiga taro, ba a shiga da waya. Maza je ka duba rauta. Fitilu nawa?"

Ya ruga kicin da ƙafa ɗaya a takalmi. "Uku, koraye, suna ƙyaftawa."

"To waya lafiya. Je ka karanta mini abin da allon Yaya Babba yake cewa."

"Auta. Wane allo?"

"Kash! Na manta."

Allo ɗaya ne a gidan. Kwamfutar ɗakin Direba ba ta zo da nata ba, kuma ranar da aka kawo ta Yaya ya ce a ɗauki nasa, tunda shi da allon ko gaisawa ba sa yi. Linzamin kwamfutar ma, wanda ake ja da hannu a nuna abu a allo, ya ce a tafi da shi. Shekara biyar ke nan kwamfutarsa akwati ce kawai a ƙarƙashin tebur, da madannai da lasifika biyu, kuma ba ta taɓa sa shi ya ji ya rasa wani abu ba.

Direba ya durƙusa bayan teburinsa ya kwance kebul ɗin allon, mai kusoshi biyu da ake murzawa da yatsa, ɗaya ya yi tsatsa. Ya rungumi allon, ya cusa linzamin a aljihu, ya saƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Taku sha huɗu ne daga ɗakinsa zuwa na Yaya, da kwana ɗaya wajen ƙofar kicin inda bokitin wanki yake zaune. Ya yi tuntuɓe da bokitin.

"A hankali," in ji Yaya daga ciki. "Ba motar taki ba ce."

Tsohuwar kwamfutar ba ta gane allo sai an kashe ta an kunna, kuma in an kunna ta minti shida take yi kafin ta farka. Yaya ya saba, yakan harɗe hannu ya jira 'yar kiɗan da take yi in ta shirya. Direba kuwa a cikin minti shidan nan ya buɗe taga, ya rufe, ya gyara labule, ya tattara kofuna, ya sa ɗayan takalmin, ya duba agogo sau biyar.

"Ƙarami, ka zauna. Iskar zirga-zirgarka tana sa ni mura."

Da ta farka, Direba ya danna tsohuwar alamar foldar da linzami. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito, tare da ƙil ɗin nan. Ya sunkuya ya karanta wa Auta a hankali, kalma kalma, don harshen da aka rubuta ba nasa ba ne.

"Cewa take ba ta ga hanya ba," in ji Auta.

"Ashe amsa take ba ni," in ji Yaya. "Ni na zaci rashin kunya ce."

Auta ta ce, "To ga abin da ya faru. Taka ta ɗaki da ta sabunta, ta manta a gida take. Gani take a tasha aka ajiye ta cikin baƙi, sai ta rufe ƙofarta ta ɓuya. Ka koma ka gaya mata nan gida ne."

"In koma da allon?"

"Sai dai in za ka gaya mata da baki."

Yana cikin kwance kusoshin wata wayar ta shigo. Manajan gareji ne. An ɗaure tamfol, an cika tanki, takardu suna kan tebur suna jiran sa hannunsa, ina yake?

"Ga ni nan, ranka ya daɗe, wani ɗan abu nake ƙarasawa."

Taku sha huɗu. Wannan karon ya tuna da bokitin, sai gwiwar hannunsa ta bugi ƙofa. Ya haɗa, ya sake kiran Auta, ta ce ya shiga wajen saiti ya nemi hoton duniya a hagu. Babu hoton duniya a hagu. Ta ce to ya duba ƙasa. A ƙasa akwai abubuwa tara, ba wanda ya yi kama da abin da take faɗa. Sabuntawar ta kwashe komai ta sake masa wuri, kamar a ce mutum ya dawo daga tafiya ya tarar an mayar da gado falo, tukwane ɗakin kwana.

"Ɗauki hoton allon ka turo mini."

Ya ɗauka. Ta ce babban yatsansa kawai take gani. Ya sake, hoton ya fito da fuskarsa a cikin gilashin, goshi duk zufa. Na uku ne ya yi. Ta zagaye wani wuri da ja ta mayar masa. Ya danna, wani shafi ya buɗe, ya sake ɗauka, ta sake zagayewa. Haka suka yi ta yi har sau biyar, ita tana amsa gaisuwar abokan aiki a gefe, shi yana tsaye don ya kasa zama a kujerar. Can suka iso wurin: ɗigo biyu, ɗaya na wurin jama'a, ɗaya na gida. Ɗigon yana kan na jama'a.

"Shekara biyar tana cin wutar gidan nan," in ji Direba, "yau ta ce ba ta san mu ba." Ya mayar da ɗigon. Auta ta sa ya kunna wasu abubuwa biyu a ƙasa, na a gan ta da na a ɗauki fayil daga wajenta.

Ƙarfe tara da ashirin. Kusoshi, allo, linzami, taku sha huɗu. Kashewa, kunnawa, minti shida.

Yaya ya ji numfashinsa. "Ka sha ruwa?"

"Zan sha."

"In abin ya ƙi, ka tafi abinka. Ba yaro ba ne ni. Kwana tara ne, ba shekara tara ba."

Direba ya dube shi. Ya san muryar. Da irin ta Yaya ya ce lafiya lau wancan karon.

Da kiɗan ya tashi, Auta ta sa ya buɗe wajen da ake ganin kwamfutocin gida. Ga ta nan, ta ɗakinsa, ta fito daga maɓoyarta. Ya danna ta da murna. Sai wani akwati ya tare shi, mai gurabe biyu.

"Suna take nema da kalmar sirri," in ji Auta. "Da can duk wanda ke cikin gida shiga yake yi ba tambaya. Yanzu an sa mata mai gadi. Sa wanda kake shiga taka da shi."

Lambar motarsa ta farko ce, wadda ya fara tuƙawa shi kaɗai. Ya danna ta da yatsa ɗaya, ya yi kuskure, ya goge, ya sake.

"Tsaya, kada ka danna tukun! Akwai ɗan gurbi a ƙasa da ke cewa ta riƙa tunawa. Sa masa alama. In ba haka ba gobe za ta sake tambaya, kuma Yaya Babba ba zai ga tambayar ba."

Ya sa. Foldar ta buɗe. Ga su nan a jere, ɗaya zuwa sha takwas, ba wanda ya ɓata. Amma da ya koma ya gwada tsohuwar alamar da ke fuskar allon, sai ƙil.

"Bar wannan, tsohon adireshi take riƙe da shi, rauta ta ba taka sabuwar lamba. Jawo foldar da linzami ka ajiye sabuwar alama a fuskar allon. Yi sauri, an fara shiga."

Ya jawo, ya sake ta inda ta faɗa. Tsohuwar kuwa bai goge ta ba. Shi a rayuwarsa ba ya goge komai a kwamfuta, yana tsoron abin da zai tafi da shi. Ya danna sabuwar, ya danna na ɗaya. Muryarsa ta fito daga lasifika, ta yi gyaran murya, ta fara.

"Ya gyaru! Auta, ya gyaru!"

"Alhamdu lillahi. Allah ya kiyaye hanya, a gai da Yaya Babba. Kada ka sake yi wa komai sabis." Ta kashe.

Direba ya miƙe yana karkaɗe gwiwoyin wandonsa. Ƙarfe goma saura biyar. Zai yi wanka ma in ya so. Ya juya ya dubi Yaya, yana jiran ya ga ya yi murmushi. Yaya yana zaune yadda yake, hannu a harɗe.

"Wa ya gyaru wa?"

"Ban gane ba. Ba ka ji ba?"

"Na ji. Kai ka kunna, da idonka da linzaminka. Cire allon nan ka mayar inda ka ɗauko. Ka kashe ta. Ni zan kunna."

Bai yi musu ba. Ya kwance, ya kai, ya ɗaura, ya dawo hannu wofi. Yaya ya laluba ƙarƙashin tebur ya kunna. Minti shida. Kiɗa. Maɓalli mai ƙyalle. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Babban maɓalli.

Ƙil.

Nan take Direba ya gane. Hanyar da yatsun Yaya suka sani tana kai wa tsohuwar alama ne, matacciyar. Sabuwar tana can wani wuri a fuskar allon, inda ya jefar da ita, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Wayarsa ta soma kuka a aljihu. Manaja. Ƙarfe goma da ashirin. Sauran direbobin biyu sun tayar da motocinsu suna ɗumamawa, in ba zai zo ba ya faɗa a nemi wani.

"Zan zo, wallahi zan zo."

Ya juya zai ruga ya ɗauko allon. Ya lissafa a tsaye: kusoshi, taku, kashewa, minti shida, gyara, mayarwa, wani minti shida na gwaji. Ba zai isa ba. Duk da haka ya ɗaga ƙafa. Sai ya ji hannun Yaya ya kama wuyan hannunsa, daidai, kamar yana gani.

"Bar shi. Zauna nan bakin gado."

"Yaya, lokaci."

"Na ce zauna. Ka ga allon ɗazu ko ba ka gan shi ba?"

"Na gani."

"To ba kai ne ake kira daga gareji cikin rana ka yi wa sabon direba kwatancen hanyar da ka bi shekara goma da suka wuce ba? Ina jin ka ta bango. Ka wuce gada, ka bar gidan mai a hagunka, ka ƙirga kwana uku. Yi mini kwatance."

Direba ya zauna. Ƙafarsa ɗaya tana kaɗawa ita kaɗai, ya dafe ta da hannu. Ya rufe ido. Da fari ba abin da ya gani sai fuskar Manaja. Can fuskar allon ta fara fitowa, shuɗiya, da 'yan hotuna a jere a hagu.

"Layin farko, daga sama. Kwandon shara. Ƙarƙashinsa hoton kwamfuta. Sai na intanet. Sai mai kama da lasifika. Sai tsohuwar foldarka."

"Huɗu daga sama. Nan nake sauka. Ci gaba."

"Ƙasa da ita akwai wasu biyu, ba ruwanmu da su. Sabuwar ba a layin nan take ba. Na sake ta ne a gefe, ta yi tsalle ta shiga layi na biyu." Ya matse ido. "A saman layi na biyu akwai wani abu kore. Ita tana ƙarƙashinsa. In ka tashi daga mai ƙyalle, ka yi dama ɗaya, ka gangara ɗaya."

Yaya ya kore akwatin ƙil ɗin da maɓallin kusurwa, yadda Auta ta koya masa tun farko. Mai ƙyalle. Dama ɗaya. Ƙasa ɗaya. Babban maɓalli. Akwatin ƙarƙashin tebur ya yi 'yar gurnani, wani abu ya buɗe. Yaya ya danna ƙasa, ya danna babba. Shiru.

"Mun shiga gidan mutane," in ji Yaya. Ya rufe abin da maɓallai biyu. "Sake bi. Kada ka yi gudu. Akwai abin da ka wuce."

Direba ya so ya tashi. Jikinsa duk ya ce ya tashi. Ya cije, ya koma farkon layin a ransa, yadda yake yi in ya ɓata a baƙon gari, ya dawo mararraba ta ƙarshe da ya tabbata da ita. Kore a sama. Ya ja linzami, ya wuce koren, ya wuce... Hannunsa ya motsa a kan gwiwa yana bin jan da ya yi ɗazu.

"Firinta! Hoton tsohuwar firintar nan da muka bayar. Tana tsakani. Dama ɗaya, ƙasa biyu."

Mai ƙyalle. Dama. Ƙasa, ƙasa. Babba. Yaya ya ɗan jira, ya danna ƙasa sau ɗaya, ya danna babba.

Gyaran murya. Sannan muryar Direba, a hankali, tana faɗin babi na farko.

Yaya ya tsayar da ita. Leɓunansa suna motsi, yatsunsa suna maimaita hanyar a kan tebur ba tare da sun taɓa madannai ba. Dama ɗaya, ƙasa biyu. Dama ɗaya, ƙasa biyu.

"Ta fi tsohuwar kusa ma," in ji shi. "Tashi ka tafi. Zan kashe in kunna in gwada daga farko, amma wannan ba sai da kai ba."

"Allah ya sa mu gana da alheri, Yaya."

"Amin. Allah ya tsare. Ka riƙa tsayawa kana barci, ban da taurin kai."

Direba ya leƙa ɗakinsa ya tabbatar kwamfutar tana kunne. Ya yagi takarda ya rubuta wa Maman yara da manyan baƙaƙe cewa duk abin da kwamfutar ta tambaya a ce mata sai an jima, ya liƙa a jikin allon. Ya kurɓi ruwa a tsaye, ya rataya jaka. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata. In ya fita yanzu ya samu babur a bakin titi, zai isa a kan kari.

Ya kai ƙofar falo, ya kama mariƙin, ya tsaya. Daga ɗakin baya ya ji ƙarar fankar tsohuwar kwamfutar tana tashi. Ya ajiye jakar. Ya ɗauka. Ya buɗe ƙofar ya tsaya rabi a ciki rabi a waje, rana tana dukan kafaɗarsa ɗaya. Babur biyu suka wuce ba fasinja, ya bi su da ido. Wayarsa ta yi kuka, ya danne ta a aljihu. Bai taɓa sanin minti shida yana da tsawo haka ba.

Kiɗan ya tashi. Shiru. Ya ji maɓallai, ƙas, ƙas, ƙas, a natse, ba gaggawa. Sannan muryarsa ta taso ta bin bango, ta wuce kicin, ta same shi a bakin ƙofa.

Ya ja ƙofar a hankali har ta kama. Ya gyara igiyar jakar a kafaɗa, ya ciro wayar yana tafe.

"Ranka ya daɗe, ga ni a hanya. A'a, kada a ba kowa makullin. A sa mai faci ya duba mini iskar tayoyin baya kafin in iso."

Ya tsallake kwata, ya nufi bakin titi da sauri yana ɗaga wa mai babur hannu.